Juriyar guba da ta bi bakteriyar hanji: nazarin gwajin Dafniya da Microcystis a Beljiyam

Idan takin gona da ruwan kwata suka yawaita a tafki, fosforas da naitirojin sukan taru, ruwan ya rine ya koma kore shar, wani lokaci har da kumfa mai kauri a sama. Sau da yawa abin da ke rina shi ita ce Microcystis aeruginosa. A ido gansakuka ce, amma a haƙiƙa bakteriya ce mai haɗa abincinta da hasken rana, daga rukunin sayanobakteriya, kuma tana yin guba. Cikin halittun da suka fi shan wahalarta akwai Dafniya, 'yar ƙaramar halittar ruwa dangin jatan lande da ƙaguwa. Ko babbar cikinsu, Daphnia magna, ba ta cika wuce milimita 5 ba. Dafniya ba ta tsintar abinci ɗaya bayan ɗaya. Tace ruwa take yi da rariyar gashin da ke ƙafafunta, duk abin da girmansa ya dace sai ya wuce ciki, mai kyau da marar kyau.

An daɗe da sanin cewa ba kowace Dafniya gubar ke kayarwa ba. A 1999 Nelson Hairston da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani aiki a kan tafkin Constance, wanda ke tsakanin Jamus da Suwizalan da Ostiriya. Sun haƙo ƙwayayen Daphnia galeata da suka kwanta cikin lakar tafkin shekaru da dama, suka ƙyanƙyashe su, sai suka ga waɗanda aka saka bayan tafkin ya gurɓace da fosforas sun fi na shekarun 1960 jure cin Microcystis. Fassarar da kowa ya yi ita ce ta gado: masu rauni sun ƙare, masu juriya sun haifi masu juriya. Wannan fassara ba kuskure ba ce, sai dai ta ɗauka cewa juriyar tana zaune ne kacokan a jikin dabbar. A 2017 Emilie Macke, Martijn Callens, Luc De Meester da Ellen Decaestecker na jami'ar KU Leuven a Beljiyam suka buga wani gwaji a mujallar Nature Communications da ya nuna ana iya ɗauke juriyar daga wata zuriya a kai wa wata, ta hanyar abin da ke cikin hanji kawai.

Hanjin da ake magana a kai

Jikin Dafniya garau yake, ana hango hanjinta ta madubin likita ba tare da an yanka ta ba: bututu ne lanƙwasasshe, kore idan ta ƙoshi. Kashi uku ne. Na gaba da na baya suna da shimfiɗar ɓawo iri ɗaya da na bayan jiki, wadda takan tafi duk lokacin da dabbar ta yi saɓa. Na tsakiya shi ne wurin narkewa da tsotsar abinci, yana da 'yan aljihuna biyu ta wajen kai. Abinci ba ya daɗewa a ciki. Idan akwai wadata, cikin mintuna yake ratsawa ya fita. Kuma saboda siririn bututu ne a jikin da iskar oksijin ke ratsawa, ba irin tumbin saniya ba ne da bakteriya masu gudun iska ke cika shi. Heike Freese da Bernhard Schink na jami'ar Konstanz sun duba wannan a 2011, suka tarar nau'o'in da ke ciki ba su da yawa, kuma jinsin Limnohabitans ne ya rinjaya, ko da an sauya wa dabbar abinci. Wasu binciken sun riƙa samun Aeromonas, Pseudomonas, Flavobacterium da Pedobacter, gwargwadon ruwan da aka yi kiwon.

Cewa waɗannan baƙin suna da amfani, an tabbatar da shi kafin gwajin Beljiyam. A 2015 Marilou Sison-Mangus, Alexandra Mushegian da Dieter Ebert na jami'ar Basel sun nuna Dafniyar da aka raba da bakteriya takan tsumbure, ta rage haihuwa, ta mutu da wuri, kuma idan aka mayar mata da su sai ta farfaɗo. A jami'ar Osaka ta Japan an ga wasu nau'o'in Limnohabitans su kaɗai sun dawo da yawan haihuwa.

Illar Microcystis ba guda ɗaya ba ce

Wannan wuri ne da ake yawan yin gaggawa, a ce guba kawai a wuce. Gubar da aka fi sani ita ce maikurosistin, zobe na sinadaran amino guda 7, wadda ke toshe fosfatas na 1 da na 2A, wasu enzayim, wato sinadaran da ke tafiyar da ayyuka a cikin ƙwayoyin jiki. Ita ce ke lalata hantar mutum da dabba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin maikurogiram 1 a kowace lita ga ruwan sha. Amma ga Dafniya akwai wasu illoli uku. Microcystis tana yin sinadaran da ke hana tiripsin da kimotiripsin aiki, su ne enzayim ɗin da hanji ke narka furotin da su, don haka dabbar sai ta ci ta cika ciki ba ta amfana ba. Sannan ba ta da sinadarin siterol da wasu dogayen kitse da Dafniya ke buƙata, alhali ba ta iya haɗa siterol da kanta. Na ƙarshe, a tafki Microcystis takan dunƙule cikin majina, dunƙulen ya toshe rariyar ƙafafu, dabbar ta ɓata ƙarfi wajen kakkaɓewa. Duk wanda ya ce wata zuriya tana da juriya, sai a tambaye shi: juriyar wacce daga cikin huɗun?

Raba dabba da bakteriyarta

Nan ne wahalar aikin take, kuma nan ne gwaji ke tsayawa ko ya rushe.

Dafniya tana da hanyar haihuwa biyu. A lokacin wadata mace takan saka ƙwai ba tare da namiji ba, ta riƙe su a aljihun goyo da ke bayanta, 'ya'yan su fito bayan kamar kwana 3 a zafin digiri 20, kowace kwafin uwarta ce sak ta fuskar gado. Idan yanayi ya ɓaci sai a samu maza, a yi barbara, a saka ƙwan ajiya, galibi biyu cikin kwanso mai tauri da ke jure fari da sanyi. Ƙwan ajiya ya fi sauƙin wankewa: a fasa kwanson, a tsoma ƙwan cikin ruwan bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 na 'yan mintuna, a ɗauraye, ya ƙyanƙyashe lafiya. Amma ba ya amfani ga tambayar da ke gabanmu, domin ƙwan barbara ne, kowane da nasa gadon. Wanda ke son ya raba tasirin gado da na bakteriya dole ya yi aiki da ƙwan da ba na barbara ba, shi kuwa laushi gare shi, bilic mai wannan ƙarfi kashe shi zai yi.

Ga yadda ake yi. A zaɓi uwayen da suka saka ƙwai bai kai kwana ɗaya ba, lokacin da fatar waje ta ƙwan ba ta fashe ba. Wannan fatar ita ce katanga: bakteriya suna bayanta, ɗan tayi yana ciki. A buɗe aljihun goyo da siraran allurai ƙarƙashin madubi, a tsotso ƙwayayen, a tsoma su cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta mai rauni, ƙasa da kashi 1 cikin 100 nesa ba kusa ba. Gulutaraldihaid da asid ɗin ferasetik su ne aka fi amfani da su. Bayan mintunan da aka ƙayyade a ɗauraye sau da yawa da tsarkakakken ruwa, a raba su cikin ƙananan ramukan faranti, a rufe, duk a cikin akwatin aiki mai tatacciyar iska. Ƙwan Dafniya ba ya buƙatar uwa don ya girma, gwaiduwarsa ta ishe shi. Idan aka makara har fatar ta fashe, maganin zai taɓa ɗan tayin ya mutu ko ya fito a nakashe. Idan aka rage ƙarfin maganin don tsoron haka, wasu bakteriya za su tsira, kuma guda kaɗan sun isa su cika kwalba cikin kwana biyu tunda ba masu gasa da su.

Akwai masu bin gajeriyar hanya su zuba antibayotik a ruwan manyan Dafniya. Hanyar tana da aibi uku: masu jure maganin sukan rage, maganin kansa yana iya taɓa lafiyar dabbar, sannan ragowarsa takan kashe bakteriyar da za a dasa daga baya.

Ruwan kiwo ma abin lura ne. Dakunan bincike da yawa suna amfani da haɗin da ake kira ADaM, wanda ya ƙunshi gishirin teku, kalsiyam kuloraid, sodiyam baikabonet da ɗan sileniyam. Idan aka turara shi a tukunyar matsi a digiri 121, kalsiyam da baikabonet suna iya haɗuwa su kwanta fari a gindin kwalba, ruwan ya tashi daga yadda aka haɗa shi. Idan kuma tacewa aka yi da takarda mai ƙofofin maikuromita 0.22, a sani cewa akwai ƙananan bakteriyar ruwan daɗi da ke ratsa ta. Abinci kuma, wato koren gansakuka irin Chlorella ko Scenedesmus, dole ya zama an noma shi ba bakteriya ko ɗaya. Dafa shi don a tsarkake yana sauya darajarsa, sai a rasa gane ko rashin bakteriya ne ya tsumburar da dabbar ko lalataccen abinci.

Kafin a ci gaba sai an tabbatar wankin ya yi. A niƙe wasu daga cikin 'ya'yan a shafa a farantin noman bakteriya, a kuma nemi alamar gadon 16S, wadda kowace bakteriya ke ɗauke da ita, ta hanyar PCR, wato gwajin da ke ninka sinadarin gado (DNA) har a iya gano shi. Faranti shi kaɗai ba hujja ba ne, domin yawancin bakteriyar ruwa ba sa tsirowa a kansa.

Dashen da abin da ya fito

Masu binciken sun fara da tantance zuriyoyin Daphnia magna, suka ware masu jure Microcystis da masu rauni. Daga kowane ɓangare aka samu masu bayarwa: a ciro hanjinsu, a tara, a niƙe cikin tsarkakakken ruwa. Wannan niƙaƙƙen hanji shi ake zubawa a ruwan jariran da aka wanke, su tace shi su haɗiye, kamar yadda ake zuba ɗan tsohon nono a dafaffiyar madara don ta kama. Aka yi musaya ta kowace fuska: jaririyar zuriya mai rauni ta karɓi bakteriyar mai juriya, ta mai juriya ta karɓi na mai rauni, wasu kuma suka karɓi irin nasu. Daga nan aka ba su abinci mai Microcystis, ana ƙirga masu rai da 'ya'yan da suka haifa.

Abu biyu suka fito. Da aka ba zuriyoyi daban-daban bakteriya iri ɗaya, bambancin juriyar da ke tsakaninsu ya ɓace. Da aka ba su bakteriya daban-daban kuma, juriyar mai karɓa ta bi ta mai bayarwa, ba ta uwar da ta haife ta ba. Binciken 16S ya nuna tarin bakteriyar hanjin masu juriya ya bambanta ƙwarai da na masu rauni, kuma abubuwa biyu ke tsara shi: gadon dabbar, da irin bakteriyar da ke ruwan da ta tashi a ciki.

Kuskure ne a karanta wannan a ce gado ba shi da hannu. Dafniya ba ta gadar bakteriya ta cikin ƙwai, shi ya sa ma wankin bayan ƙwai ke yiwuwa. Daga ruwa take ɗiba, har da abin da uwarta da 'yan uwanta suka kasayar. Amma ba duk abin da ta haɗiye ke samun wurin zama ba, kuma zuriyoyi biyu a ruwa ɗaya suna iya ƙarewa da hanji iri biyu. Ke nan gadon yana aiki, sai dai a kaikaice: yana zaɓen waɗanda za su zauna, su kuma su yi tasiri a kan juriya. Wannan ya sa sakamakon tafkin Constance da na Beljiyam ba su ci karo da juna ba. Rukunin na KU Leuven ya ƙara wani mataki a 2021, a aikin da Shira Houwenhuyse ta jagoranta, inda aka ga Dafniyar da aka ba Microcystis ta fi yin kyau idan bakteriyar da ta karɓa daga yankinta suka fito, ba daga wani yanki ba.

Inda ya kamata a taka a hankali

Gwajin ya nuna cewa juriya tana tafiya da niƙaƙƙen hanji. Bai nuna wace bakteriya ce ke aikin ba, ko ta wace hanya. Kuma niƙaƙƙen hanji ba bakteriya zalla ba ne: akwai ragowar abinci, tsokar hanjin kanta, da duk wani fangas ko bairas da ke ciki. Wanda zai maimaita aikin ya kamata ya ƙara rukunin da za a ba niƙan da aka tace ko aka kashe da zafi. Idan juriyar ta ɓace a wannan rukuni, to rayayyen abu ne ke kawo ta.

Na biyu, dashen ta ruwa ake yi. Bakteriyar da aka zuba ba hanji kaɗai suke zama ba, suna hawa ɓawon jiki da rariyar ƙafafu, suna kuma yaɗuwa cikin kwalbar. Akwai bakteriya, musamman dangin Sphingomonas masu ƙwayar gado ta mlrA, da ke yanke zoben maikurosistin su rage dafinta. Idan irinsu ne ke aiki, suna iya yin sa a cikin ruwa kafin dabbar ta haɗiya. Haka nan Dafniya tana cin bakteriya a matsayin abinci, kuma tana buƙatar bitamin B12 wanda bakteriya ke yi. Ƙofar da ta fi ƙunci ita ce ta siterol, tunda yawancin bakteriya ba sa yin sa, da wuya a ce gurbin nan suke cikewa.

Don a ga yadda hujja ke kammaluwa, a dubi aikin zaiba da aka buga a 2019 daga jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz. Can an ware nau'in Pseudomonas guda daga jikin Dafniya, an gano yana da ƙwayar gado ta merA mai mayar da zaiba zuwa sigar da ke tashi ta bar ruwa, an dasa shi shi kaɗai, an ga ya taimaki dabbar ta rayu ta haihu cikin ruwa mai zaiba. Nau'i ɗaya, ƙwayar gado ɗaya, aiki sananne. Batun Microcystis ya fi haka sarƙaƙiya, ko don illolin nan huɗu.

Sai batun irin Microcystis ɗin da ake gwaji da ita. Wadda dakunan bincike suka fi amfani da ita ita ce mai laƙabin PCC 7806, da aka samo daga madatsar Braakman a Holan. A kwalba ƙwaya ɗaiɗai take girma, ba ta dunƙulewa, don haka gwajin da aka yi da ita bai taɓa matsalar toshe rariya ba sam. Amfaninta shi ne akwai 'yar uwarta da aka lalata wa ƙwayar gado ta mcyB, ba ta yin maikurosistin amma sauran halayenta suna nan. Ciyar da rukuni ɗaya da mai guba, ɗaya da marar guba, shi ne hanya mafi sauƙi ta gane ko maikurosistin ce bakteriyar ke karewa ko wani abu dabam.

Yawan abinci ma yana juya sakamako. Callens da abokan aikinsa sun nuna a 2016 cewa amfanin bakteriya ya fi fitowa idan abinci ya wadata, ya kuma ragu idan ana yunwa. Saboda haka ba a auna abinci da ido ko da launin ruwa, da nauyin kabon ake aunawa. Ƙa'idar gwajin haihuwar Dafniya mai lamba 211 ta OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, ma'auni ce mai kyau: miligiram 0.1 zuwa 0.2 na kabon ga kowace dabba a rana, kowace a kwalbarta mai mililita 50 zuwa 100, zafi tsakanin digiri 18 da 22, haske awa 16, na kwana 21, kuma ba a yin gwajin da 'ya'yan haihuwar fari. Uwar da ta taɓa cin Microcystis takan haifi 'ya'ya masu ɗan ƙarin juriya, don haka uwayen masu karɓa sai an yi kiwonsu a yanayi ɗaya, kan abinci marar guba, tun daga uwayensu ko kakanninsu, kafin a ɗebi ƙwai.

Karatun 16S yana da nasa tarkon. Microcystis kanta bakteriya ce, kuma koren sashen da ke haɗa abinci a cikin ƙwayar gansakuka yana ɗauke da 16S irin na sayanobakteriya. Hanjin da ya cika da abinci yana iya ba da sakamakon da babban kasonsa abincin ne. Shi ya sa ake barin dabbar cikin tsarkakakken ruwa ba abinci ta kasayar kafin a ciro hanjin, sannan a cire 16S ɗin abincin daga bayanan. Kuma DNA ɗin da ke hanji ɗaya kaɗan ne ƙwarai, har gurɓatar da ke cikin sinadaran aikin kansu tana iya rinjayarsa. Dole a haɗa hanji da yawa wuri ɗaya, a kuma bi da kwalbar da ba komai a cikinta ta duk matakan, don a san abin da ya fito daga kayan aiki.

Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a Najeriya suna kiwon 'yar uwar Dafniya, wato Moina, don ciyar da jariran kifi maimakon Artemia, 'yar halittar ruwan gishiri da ake shigowa da ita da tsada, kuma da kashin kaji ake yawan takin tankin. Moina jinsi ne dabam, tana rayuwa a ruwan da ya fi digiri 20 zafi sosai, don haka ba a ɗauko alƙaluman Beljiyam a ɗora mata kai tsaye. Amma ita ma tacewa take yi, kuma koren ruwan tanki yana iya zama na gansakuka mai kyau ko na sayanobakteriya. Alamar Microcystis ita ce ƙananan dunƙule masu tasowa su taru a saman ruwa idan aka ɗebo a kwalba aka ajiye awa kaɗan, koren gansakuka kuwa yakan tsaya a gauraye ko ya kwanta ƙasa. Sannan kajin da ake ba antibayotik ɗin oksitetirasaikilin suna fitar da wani kaso na maganin cikin kashinsu. Idan tankin Moina ya mutu bayan an sauya gonar da ake ɗebo kashi, a tambayi mai kajin irin maganin da ya ba su da kuma yaushe.